Askar kakana ta yi tsatsa, ƙahon mariƙinta ya tsage: za ta gyaru?

Tambaya: Malam, na gaji wata aska mai naɗewa daga kakana. A jikinta an rubuta Wade & Butcher, Sheffield. Ta yi tsatsa, ƙahon mariƙin ya lanƙwashe, ya tsage kusa da ƙusa, ga ƴan ramuka kamar cin ƙwaro. In canza mata mariƙin roba?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kar ka canza ƙahon nan. Wade & Butcher na cikin fitattun maƙeran aska na garin Shafil a Ingila, kuma askarka da ƙahonta na asali ta fi daraja nesa ba kusa ba. Duba wuyan askar. Idan sunan garin kawai aka buga ba tare da sunan ƙasar ba, mai yiwuwa ta girmi 1891, domin dokar harajin Amurka ta 1890 ce ta wajabta buga sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa can.

Babban ciwon tsohon ƙaho bushewa ne. Asalinsa ɗaya da farce da kofato, hawa-hawa yake, idan ya shekara da shekaru bai ga mai ba sai ya riƙa ɓarewa yana murɗewa, balle a iskar hunturu irin tamu. Amma fara da gam kafin mai, don gam ba ya kama wurin da ya sha maiƙo. Wanke shi da ɗan sabulu, ya bushe sarai. Ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa cikin tsagar, ka matse. Ramukan kuwa aikin tsutsar wani ƙwaro ne mai cin ƙaho da fata. Goga guntun ƙaho mai launi ɗaya da samfefa, ka cusa garin cikin ramin, ka ɗiga gam a kai. Za ka ji ƙaurin gashin da aka ƙona yayin gogawa, shaidar ƙahon gaske ke nan.

Lanƙwasar tana son zafi kaɗan. Cire ƙusoshin a hankali da magagari, ka tsoma ƙahon a ruwan zafi har ya yi laushi, ka danne shi tsakanin katako biyu ya huce a haka. Kar ka kai shi bakin wuta, ƙuna zai yi. Daga nan sai samfefa, daga mai kaushi lamba 400 har mai laushi lamba 2000, sannan ka jiƙa shi ƴan kwanaki cikin man da ake fitarwa daga ƙashin ƙafar shanu, wanda masu aikin fata ke shafa wa sirdi. Toka-tokar nan za ta baje, baƙin ya dawo, jijiyoyin ƙahon su fito.

Wajen mayar da shi, sandar tagulla mai kaurin milimita 1.6 ake yanka ƙusa da ita. A nan mutane ke yin ɓarna: bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sake tsaga ƙahon. Ƙaramar guduma, bugu sassauƙa da yawa, kana juyawa kana gwada buɗewar askar.

Ƙarfen kuma kar ya je wurin mai giranda, zafin injin yana kashe taurin kaifin. Da hannu za ka bi tsatsar, samfefa da ɗigon mai. Baƙin tabon da ya nutse a jiki ka bar shi. Abin dubawa shi ne bakin kaifin: idan tsatsa ta huda shi, sai an ci ƙarfe a dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000 har a kai wuri mai lafiya, sannan 4000 da 8000, a ƙarasa a kan fata.