Ƙiriniya, taurin kai da cutar da mutane: cuta ɗaya ce ko uku?

Tambaya: Ɗana shekararsa 12, muna garin Tawa. Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum mushe na kawo ƙararsa daga lakwal. Bana ya fara ɗaukar kuɗi, yana dukan ƙananan yara, yana daɗewa waje da dare. Wani likita ya ce matsalar ɗabi'a ce, wani ya ce TDAH. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa dukansu biyu. Matsalolin nan dangin juna ne, domin duk a waje suke fita, a aikace, saɓanin baƙin ciki ko fargaba da ke cin yaro a ciki.

TDAH, gajeren sunan cutar ƙiriniya a Faransanci, rashin natsuwa ne da gaggawar aiki kafin tunani. Alamunsa kan bayyana kafin shekara 12, a gida da lakwal duka, kuma babu mugun nufi a ciki. Sai matsalar bijirewa: gardama da manya, saurin fushi, riƙo, na aƙalla wata 6. Mai wannan yana gajiyar da iyaye, amma ba ya sata, ba ya ji wa kowa ciwo.

Matsalar ɗabi'a ta wuce nan, ita taka haƙƙin wasu ce. Kundin DSM-5 na 2013, littafin da likitoci ke tantance cututtukan taɓin hankali da shi, ya jera alamu 15 a kashi 4: zaluntar mutane ko dabbobi, ɓarnar dukiya, ƙarya ko sata, da keta manyan dokoki kamar gudun lakwal. Ana buƙatar 3 cikin wata 12, ɗaya aƙalla cikin wata 6 na baya-bayan nan. Yaron da yunwa ta sa ya ɗauki abinci a kasuwa ba ya cikin wannan lissafi, sai an duba halin da yake ciki.

Sau da yawa ƙiriniyar ce ke fara zuwa. Yaro ya kasa karatu, a yi ta dukansa, yaran kirki su guje shi, sai ya faɗa hannun ƴan tiramol. Ba kowa ke bin wannan hanya ba. Yawancin masu TDAH ba sa kaiwa nan. Abin da likita zai fi tambaya shi ne yaushe satar da dukan suka fara. In kafin shekara 10 ne, sun fi daɗewa, kuma haɗarin su zame masa hali idan ya girma ya fi yawa, cutar da likita ba ya tabbatar da ita sai an cika shekara 18. Naki da ya fara bana yana ɓangaren da ya fi sauƙin gyara.

Ki nemi a tantance shi a babban asibitin jihar Tawa, ko a tura ku sashen taɓin hankali na asibitin ƙasa a Yamai, a duba har da shaye-shaye da baƙin ciki. Maganin TDAH, irin su metilfenidat, yana rage gaggawa, amma shi kaɗai ba ya magance sata. Wannan aikin gida ne: dokoki 3 kacal bayyanannu, hukunci ƙarami nan take, yabo idan ya bi, a san abokansa da lokacin shigowarsa. Bulala kan ƙara dagula lamarin, don haka ki sa mahaifinsa da mushe cikin shirin tun farko.