Amsa ga ƙanena mai son zuwa Gilasgo koyon zane

Ƙanena, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce ka gama karatun zane a Zariya, kuma tun ranar da ka ga hoton likitocin nan uku na mai zane Ken Currie a wayarka hankalinka ya koma Gilasgo, kana so ka yi digiri na biyu a makarantar da ya yi. Ka tambaye ni ko wane ne mutumin, da ko zuwan zai biya.

Na je na tsaya gaban hoton da kaina a gidan adana hotunan mutane na ƙasa da ke Edinbura, tafiyar kamar awa guda a jirgin ƙasa daga nan Gilasgo, shiga kuma kyauta ce. Wallahi waya ba ta nuna maka ko rabinsa ba. Hoton ya fi ni tsayi. Likitocin cutar daji ne uku na asibitin Ninewells da ke Dandi, sun fito fari fat daga cikin duhu, sun waiwayo suna dubanka kamar ka katse musu aiki. Ɗaya da jini a safar hannunsa, wani riƙe da takarda. Na daɗe ban motsa ba, don ya tuna mini ranar da na zauna a barandar asibiti ina jiran likita ya fito da sakamakon gwajin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kafin Currie ya gama aikin a 2002, sai da ya shiga ɗakin tiyata ya kalli yadda suke aiki, har ya ɗauki siffar fuskokinsu da filasta.

An haife shi a 1960 a arewacin Ingila, amma a Barrhead kusa da Gilasgo ya tashi. Ya yi makarantar zane ta Gilasgo daga 1978 zuwa 1983, lokacin da masana'antun ƙera jiragen ruwa na bakin kogin Kilaid ke rufewa, maza na zaman kashe wando ba da son ransu ba. Shi da irin su Peter Howson da Steven Campbell suka dawo da zanen mutum da jikinsa da wahalarsa. A 1987 ya zana alluna takwas na tarihin ma'aikatan garin, don cika shekara 200 da sojoji suka buɗe wuta kan masaƙan unguwar Calton masu yajin aiki a 1787. Daga baya ya koma zana rashin lafiya da tsufa da mutuwa.

Abin da nake so ka lura da shi, mutanen ƙofar gidansa ya fara zanawa, waɗanda ya san tafiyarsu da gumin goshinsu. Hotunan da ka turo mini kuwa, duk duhun nasa ka kwaikwayo. Ina marina Ƙofar Mata da hannuwansu shuɗi har gwiwa? Ina majema, ina mahauta? Masu tantance ɗalibai a nan tarin ayyukanka za su fara dubawa, kuma Currie suna da nasu.

Sai maganar da ba a so a faɗa. Zanen jikin mutum a nan da mutum ake koyonsa, yana gabanka, sau da yawa ba sutura, mace ko namiji. Ka rubuta wa makarantar ka ji ko dole ne a kwas ɗin da kake nema, ka zauna da malaminka na addini, ka yanke shawara tun kana gida kafin ka biya ko sisi.

Tsohon ginin makarantar, wanda ake kira Mackintosh, da kake gani a intanet gobara ta ci shi sau biyu, a 2014 da 2018, karatu yana gudana ne a wasu gine-gine. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, wannan ba zai biya kuɗin makaranta ba, balle fenti da ƙyallen zane masu cin aljihu. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mai aiki da hasken rana sai ya yi sammako.

Ka ɗauki wata shida ka zano mini mutum goma da ka sani da sunansu, ka turo, mu duba tare kafin ka cike fom. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.