Za a haɗe kamfaninmu da wani: ina lambata za ta faɗa a jerin matuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mataimakin kyaftin ne a wani kamfanin jiragen sama a Amurka, shekarata tara a wurin, kuma a lissafina saura ƙiris in hau kujerar hagu, wato in zama kyaftin. Kwatsam aka sanar cewa wani kamfani da ya fi namu girma zai saye mu. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. A zaurenmu na WhatsApp wasu na cewa mu kwantar da hankali, doka ta ce da ranar ɗaukar aiki za a jera kowa, kuma can sababbin ɗauka sun yi yawa, don haka mu ne da riba. Wasu kuma har sun fara karɓar kuɗi, wai in hukunci bai yi mana daɗi ba a ɗauki lauya a rushe shi, ko mu fice mu kafa ƙungiyarmu. Ina da iyali a nan, ga iyaye a gida da nake ɗauke da su. Da gaske doka ta kare mini shekaruna? In ba da kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rashin barcinka da dalili, ba sai na gaya maka abin da lamba, wato matsayin mutum a jerin matuƙan kamfani, ke yanke wa matuƙi ba, tun daga jirgin da zai tuƙa har zuwa wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Amma riƙe kuɗinka. Wanda kuma ya ce maka doka ta ce a jera ku da ranar ɗaukar aiki, ce masa ya nuna maka layin. Ba zai iya ba, don babu shi.

Dokar da suke nufi ita ce McCaskill-Bond ta Disambar 2007. Sanatocin jihar Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka kawo ta saboda abin da ya sami ma'aikatan kamfanin jiragen sama na TWA bayan American Airlines ta sayi kamfanin a 2001. An liƙa masu hidimar fasinja na TWA a gindin jeri, haka ma matuƙa sama da dubu, sai sallamar da ta biyo bayan harin 11 ga Satumba ta taso daga ƙasa ta kwashe su. Sashe biyu kacal dokar ta ɗauko, na 3 da na 13, daga sharuɗɗan da aka gindaya lokacin haɗewar kamfanonin jiragen sama na Allegheny da Mohawk a 1972. Na 3 ya ce a haɗa jeri bisa adalci da daidaito. Na 13 ya ce in an kasa jituwa a je gaban mai raba gardama, hukuncinsa kuma shi ne ƙarshe. Iyakarta ke nan. In kuwa ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar ɓangarorin biyu, misali ALPA, babbar ƙungiyar ƙwadago ta matuƙan jiragen sama, to tsarinta na cikin gida ake bi, shi kuma tun gyaran 2009 abu uku yake sa wa a sikeli: daɗewa a aiki, kujera da irin jirgin da mutum ke kai, da kuma inda aikinsa ya dosa da ba a yi haɗewar ba.

Wannan na ukun shi ne mutane ba sa son ji, kuma a kansa nake shan gardama kullum. Matuƙi zai zo mini da takardar ɗaukar aikinsa yana kaɗa ta kamar takardar fili. A cikin kamfani ɗaya, i, ranar da ka shiga ita ce komai. Da zarar jeri ya zama biyu, maganar ta canza. Ka ɗauka layi biyu ne a bakin famfo biyu, ɗaya na zuba, ɗaya ya ƙafe tun safe. In aka ce a haɗa layin, na famfon da ya ƙafe zai ce ya fi kowa daɗewa a tsaye, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wadda saura mutum biyu ta tara bokitinta a famfo mai ruwa fa, a kan me za ta koma baya? Abin da mai raba gardama ke tambaya shi ne me kowane ɓangare ya shigo da shi: jirage nawa, kujerun kyaftin nawa, manyan jiragen dogon zango nawa, mutum nawa ke zaune a gida an dakatar da su, kuma kamfanin tsaye yake ko yana hannun kotu saboda bashi.

Waɗanda suka fi kowa sanin farashin wannan kuskure su ne matuƙan US Airways. An haɗe su da America West a 2005, lokacin US Airways na cikin karyewarsa ta biyu. Na Gabas, wato 'yan US Airways, sun kai kimanin 5,100, amma wajen 1,700 daga cikinsu a dakace suke. Na Yamma, wato 'yan America West, kimanin 1,900 ne, ƙananan shekaru a aiki, amma suna tuƙi. Na Gabas suka kafe a kan ranar ɗaukar aiki, suka ƙi motsawa. A Mayun 2007 mai raba gardama George Nicolau ya yanke: manyan Gabas kimanin 500 a sama saboda jiragen ƙetare da suka kawo, sauran masu aiki a gauraye bisa kaso, waɗanda aka dakatar kuma a ƙasa, har da waɗanda aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980, suna bayan ɗan Yamma da bai daɗe da shiga ba. Hukunci ne mai ɗaci, ni ma ina ganin ya yi tsauri ga wasu. Amma dubi abin da suka yi da ɗacin. Da yake su ne masu rinjaye, sai suka kori ALPA a 2008, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, suka rubuta ranar ɗaukar aiki a kundinta. Daidai shawarar da ake ba ku yau a waya.

Me ya biyo baya? Na Yamma suka garzaya kotu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Ba jeri ɗaya, ba yarjejeniyar albashi ɗaya, don haka na Gabas suka ci gaba da karɓar albashin da aka zaftare musu lokacin karyewa har aka haɗe US Airways da American a ƙarshen 2013. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce USAPA ta ci amanar wakilcin 'yan Yamma. Masu surutu za su ce maka ai dai ba a taɓa aiki da jerin Nicolau ba. Haka ne. Sai dai jerin da wasu masu raba gardama uku suka fitar a Satumbar 2016, shi ma ba da ranar ɗaukar aiki aka gina shi ba. An gudu ba a tsira ba, ga albashin shekaru ya tafi, wasu ma sun cika 65 sun yi ritaya ba su ga ƙarshen rigimar ba.

Kotu kuwa ba ta sake auna adalcin jeri. Sai ka nuna an yi maguɗi, ko mai hukunci ya wuce hurumin da aka ba shi, ko ƙungiyarka ta yi maka wakilcin son kai. Matuƙan TWA sun ci ALPA a kotu a 2011 kan wannan na ƙarshen, aka daidaita a kan dala miliyan 53, bayan shari'ar fiye da shekara goma. Kuɗi aka raba musu, ba wanda kotu ta mayar wa lambarsa.

Ba cewa nake shekarunka tara sun tafi a banza ba. A hukuncin United da Continental na Satumbar 2013 an ba daɗewa kashi 35 cikin ɗari, kujera da irin jirgi kashi 65. In da gaske can sababbin ɗauka sun yi yawa, kwamitinku zai yi amfani da wannan hujja, kuma tana da nauyi. Kawai dai in su ne ke da manyan jirage, ka sa a ranka saman jerin nasu ne. Abu biyu kuma za su sanyaya maka rai. A al'ada ba a sauya tsarin cikin kowane jeri, wanda ke bayanka yau zai ci gaba da zama bayanka. Sannan ba a tuge mutum daga kujerar da yake kai don a ba wani. Abin da ke cikin haɗari shi ne lokacin hawanka kujerar hagu, shi ya sa nake so ka sa ido kan shingayen da ake gindayawa, waɗanda ke keɓe wasu jirage ko wasu kujerun kyaftin ga ɓangare ɗaya na 'yan shekaru. Sau da yawa shinge ya fi lambar kanta tasiri ga mai matsayi irin naka.

Aikin da ke gabanka yanzu mai gundura ne, shi ya sa ba a yaɗa shi a WhatsApp. Kwamitin haɗewa zai tantance bayanan kowa: ranar shiga, lokacin da aka taɓa dakatar da kai, hutun da ka ɗauka, kujerar da kake kai a ranar da aka tsayar don lissafi. Za a ba da ɗan wa'adi na gyara. Ka duba naka layi-layi, domin kuskuren wata biyu na iya zama mutum ɗari a gabanka, kuma in wa'adi ya wuce ba mai sauraronka. Ka je taron reshenku, ka matsa a gama yarjejeniyar albashi ta haɗin gwiwa da wuri. Haka Delta da Northwest suka yi a 2008, suka kulle albashi tukuna, jeri ya fito a Disamba, ƙasa da wata biyu bayan kammala haɗewar, kowa ya yi gunaguninsa yana karɓar ƙarin kuɗi. Kada ka ci bashin gida da albashin kyaftin da ba ka hau ba, kuma ka sanar da su Baba cewa ƙarin da ka yi musu alkawari zai iya jinkiri.

Su kuma masu yawo da ƙoƙon bara, ku ji tsoron Allah. Ƙungiya na da asusun haɗewa da ake cirewa a hukumance, da lauyoyi da masu lissafi, da rahoton da ake karanta wa membobi. Kuna tara kuɗin mutane masu iyali don yaƙar hukuncin da ko zaman sauraronsa ba a fara ba. Ƙanena, in ɗayansu ya sake tuntuɓarka, tambaye shi da sunan wa aka buɗe asusun, kuma wa zai mayar da kuɗin in ba a shigar da ƙarar ba.