Amsar mai gyaran firij a kan bidiyon "kawo tsoho, gwamnati ta biya ka"

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, barka da yamma, ya kasuwa? Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, ina bakin shago ne nan Agege. Na ga bidiyon da ka turo, wanda ake cewa gwamnati na mayar wa mutum wani kaso na kuɗinsa in ya sauya tsohon kayan wuta da sabo mara shan wuta, kuma kana tambaya ko ka cike fom ɗin da ke ƙasa saboda firizarka.

To Alhaji, bidiyon nan na Amurka ne. A 2022 suka yi doka, suka ware kusan dala biliyan 9 don irin wannan rangwame, jihohinsu ke rabawa, kuma na mazauna can ne. Shi kuwa fom ɗin da aka liƙa a ƙasa, mai neman BVN da kuɗin rajista, wallahi kar ka taɓa shi. Wanda zai ba ka kuɗi ba ya fara da cewa kawo.

Abin fa ba tatsuniya ba ne, maƙwabtanmu Gana sun yi. A 2012 suka fara: ka kai tsohon firij mai aiki, a ba ka takardar ragi, ka ɗauki sabo mai tambarin taurari da ke nuna ƙarancin shan wutarsa. Tsohon kuma farfasa shi ake yi, don kar ya zagayo kasuwa. A 2013 suka hana shigo da firij tokumbo, wato na hannu daga ƙasashen waje. Ba don Allah suka yi ba, lissafi ne: rage shan wuta ya fi gina sabuwar tasha araha. Mu kuwa, je ka kasuwar Alaba ka ga tokumbo jibge kamar buhunan albasa a Mile 12. Ni ma da su nake cin abinci, ba zan ɓoye ba.

Amma ga inda nake so ka tsaya. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225, daga baya ya sauko wajen 210, tsohuwar firiza ta zama kishiya. Akwai wata Hajiya a layinmu mai zoɓo da kunun aya, kullum kuka take kati ba ya kwana. Na ce Hajiya a kashe komai na gidan, a bar firizar ita kaɗai, a rubuta lambar mita, gobe war haka a sake dubawa. Yunit 4 ta sha. A wata 120 ke nan, sama da dubu 25, firiza ɗaya tal! Na ɗauko ɗari biyar na maƙala a bakin murfin na rufe, na ja, ta zare salin-alin. Robar ta mutu, sanyi na tsiyayewa, kwamfireso na ta gurnani dare da rana ba hutu. Ga ta kuma an manna ta da bango, kusa da murhu. Na canja roba, muka kakkaɓe ƙurar baya, muka matsar da ita. Ta ragu, amma injin ya riga ya gaji. Da ta haɗa adashi ta sayi sabuwa, yunit ɗaya da rabi take sha. Dubu 15 da ɗoriya ke komawa lalitarta duk wata, ba fom ba layi.

Kafin ma firiza, kwan fitila. Tsohon kwan nan mai zafi wat 60 ne, in yana awa 10 kullum yunit 18 ne a wata. LED mai wat 9 haskensu ɗaya, bai kai yunit 3 ba. Wannan ko yau ka canja.

Sai dai Alhaji, mitar taka ce kai kaɗai? In gidan haya ne da ake raba kati ɗaki-ɗaki, ko takardar ƙiyasi ake kawo muku, to ka sayi sabuwa ka yi wa maƙwabta gwaninta ne kawai. In kuma layinku ba Band A ba ne, yunit ɗinku da sauƙi, kuɗin zai daɗe bai dawo ba, gara a fara da gyara. Kuma in za ka saya, kar ka bi kalmar "inbata", wato mai injin da ke rage shan wuta, da yaron shago zai yi ta rera maka. Nemi takardar da ke jikinta, ka duba yunit nawa aka rubuta tana sha a shekara, ka raba da 12.

Ka sa yaro ya ɗauki hoton mitar yau bayan isha'i, gobe bayan isha'i ya sake, ka turo min nan. Ga wani ya shigo da firij a baro, bari in duba shi. A gaida Hajiya.