Parfe zai iya karɓe gonarmu ya haɗa da ta wani?

Malam, ka ce parfe, wato wakilin gwamnati da ke mulkin gundumarku, ya umarci a tuge gambar da ke kan iyakar gonarku a wajen Madarunfa, a haɗe ta da ta maƙwabci. Ba huruminsa ba ne. Zai iya dakatar da aiki idan ana gudun zubar da jini, amma bai da ikon cewa gona ta wane ce.

Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta ba sarakunan gargajiya sulhu ne kawai. Ku fara da mai gari, sannan sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. In ya gagara, sai alƙali.

Don Allah kar ka sa hannu kan takardar da ba a karanta maka ba. Nemi dattawan da suka ga kakanku yana noma wurin, kuma ka je Kofo ta garinku, wato hukumar kula da filaye, a yi maka takardar shaidar mallaka.