Hukuncin Gashin Sankarar Mama: Shin Sakiya Ce Da Aka Hana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An yi mini aikin cire sankarar mama, yanzu likita ya tura ni asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya in fara gashi, wato maganin sankara da hasken na'ura (radiotherapy), na mako 3. Kawuna ya ce ƙona jiki ne, sakiya ce, kuma Annabi (SAW) ya hana. Ga shi maza ne za su buɗe ƙirjina, har da ɗigon tawada da ba ya fita. Zuciyata ta kasa natsuwa. In je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, ki je, kuma kada ki ɗaga ranar da aka ba ki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Hadisin da kawunki yake nufi ingantacce ne. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa waraka tana cikin abu uku, shan zuma da ƙaho da sakiya da wuta, sannan Annabi (SAW) ya ce yana hana al'ummarsa sakiya. Amma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa shi da kansa ya yi wa Sa'ad bin Mu'azu sakiya lokacin da kibiya ta same shi a jijiya, ya kuma aika wa Ubayyu bin Ka'ab mai magani ya yi masa. Da haka malamai suka fahimci hanin yana kan wanda bai buƙata, ko wanda yake da wata hanya mafi sauƙi. To ko da gashin nan sakiya ne, ke kina cikin waɗanda aka yi wa rangwame.

Balle ma ba sakiya ba ne, sunan da muka laƙaba masa ne yake rikita mutane. Babu wuta, babu ƙarfe mai zafi. Haske ne irin na hoton ƙashi, sai dai ya fi ƙarfi, ana saita shi ya kashe ragowar ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani bayan tiyata. 'Yan mintoci ne, yawanci Litinin zuwa Juma'a, kuma hasken ba ya zama a jikinki, kina iya rungumar 'ya'yanki kina dawowa gida. Abin da yake ci mini rai shi ne yawan matan da irin wannan magana take mayarwa gida, sai ciwon ya dawo a ɗauko su ranga-ranga. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka.

Batun al'aura, kunyarki alheri ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce a fara neman likita mace, idan babu sai namiji amintacce, a buɗe iya wurin da ake buƙata, ba tare da kaɗaicewa ba. Cibiyoyin gashi kaɗan ne a ƙasar nan, ba za a ce ki jira sai an samu mata zalla ba. Ki roƙi ma'aikaciya mace ta tsaya lokacin da ake kwantar da ke. Idan aka kunna na'ura kowa fita yake yi, kada maigidanki ya ga laifinsu.

Ɗigon tawada kuwa alama ce ta saita haske don a kare zuciya da huhu. La'anar da ta zo kan jarfa, a ruwayar Abu Dawuda daga Ibn Abbas, an ƙayyade ta da "ba don wata cuta ba". Babu laifi a kanki, kuma ba ya hana tsarki.

Fatar wurin tana iya yin baƙi ko ta saɓule. A mazhabarmu ta Malikiyya cuɗawa farilla ce a wanka, amma bin wurin da tafin hannu a hankali ya wadatar. Idan ruwa zai cutar, ki yi shafa a kai, ko a kan bandeji. Gashin ba ya karya azumi, in kuma kin galabaita ki sha ki rama.

Idan kina zaton kina da juna biyu, wajibi ne ki gaya wa likita kafin a fara, domin hasken yana cutar da ɗan tayi. Wallahu a'alamu.