Ɗakin kilim ko zagayen stad? Muryar da na turo wa Yaya a gurup ɗin gida

Assalamu alaikum ƴan gida. Ina wuninku, ina gajiya, yaya zafi? Yaya, ka yi haƙuri, tun da hantsi na ga tambayarka, ina bakin aiki ne, sai yanzu na sauka. Muryar za ta ɗan yi tsawo, wanda bai da lokaci ya ajiye ta sai dare.

Ga waɗanda ba su bi maganar ba: likita ya ce wa Yaya tansiyonsa ya hau, dole ya fara motsa jiki. Shi ne yake tambaya, ya biya kuɗin wata a sal ɗin nan, wato ɗakin motsa jiki mai kilim (na'urar sanyaya ɗaki), da ke kusa da ma'aikatarsu, ko ya riƙa zagaya filin wasa, stad Seyni Kountché, kamar yadda mutane ke yi? Sai Auta ya amsa masa cewa sal asarar kuɗi ce, tunda a cikin kilim ba a zufa, in kuwa ba zufa kitse ba ya narkewa. Inna kuma ta ce kilim ciwon sanyi yake sawa.

To Auta, da kai zan fara, don maganarka ita ta fi tayar mini da hankali. Zufa ba kitse ba ce. Ruwa ce da ɗan gishiri. In mutum yana motsa jiki, yawancin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kusan kashi 3 cikin 4, zafi yake komawa. Jiki kuwa yana son ya tsaya wajen digiri 37, don haka sai ya fitar da ruwa bisa fata, ruwan ya bushe ya tafi da zafin. Kamar randa ce, ai kun san ruwan randa yana sanyi ne saboda tsattsafowar da take yi iska na busar da ita. Aikin zufa ke nan, ba wani ba. In ka hau sikeli kafin gudu, ka sake hawa bayan gudu ka ga kilo 1 ya tafi, litar ruwa 1 ce ka zubar. Ka sha piyawata biyu, kilon ya dawo. Kitse yana raguwa ne a hankali, sati bayan sati, daga aikin da tsoka ta yi da kuma abin da ka rage a kwano. Ko a cikin sanyi ka yi aikin, ko a cikin rana, lissafin kusan ɗaya ne.

Ina nanata wannan ne saboda abin da na gani da idona. Bazarar bara aka kawo mana wani saurayi asibitin da nake aiki, bai kai talatin ba. Ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar ruwa a kai, ya fita gudu bayan azahar wai yana son tumbi ya sauka kafin bikinsa. Da aka shigo da shi bai san inda yake ba, sambatu yake yi, jikinsa kamar garwashi. Allah ya taimaka ya tashi, amma sai da ƙodarsa ta sha wuya, ya kwana da yawa ana masa ƙarin ruwa. Don Allah, duk wanda ya san mai ɗaura leda yana gudu, ya hana shi. Ledar tana hana zufa bushewa, zafin sai ya taru a ciki. In zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, ƙwaƙwalwa ke fara rikicewa, kuma ana mutuwa da shi.

Yanzu mu zo kan Yamai ɗinmu. A Afrilu da Mayu, zafin rana 41, 42 ne abin yau da kullum, wasu ranaku ya doshi 45. Fatar mutum ba ta wuce 33 zuwa 35. Kun ga ke nan iskar ta fi fatarka zafi, maimakon ta rage maka, ƙara maka take yi. Zuciya sai ta shiga aiki biyu: ta tura jini ga ƙafafu, ta kuma tura wani jinin ga fata don a huce. Ruwan jiki yana raguwa, jinin yana yin kauri, bugun yana ƙaruwa. Kuma zafinmu busasshe ne, zufar tana bushewa nan take, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba alhali a awa guda yana iya zubar da lita 1 ko fiye. Ga mai shekaru irin na Yaya, mai tansiyo, mai shan magani, wannan ba wasa ba ne. Yaya, cikin magungunanka akwai wanda ke sa yawan fitsari, ko ba haka ba? Wancan ƙaramin da kake sha da safe. Shi da kansa yana rage ruwan jiki. In ka haɗa shi da gudun rana, jiri ne zai kwashe ka. Saboda haka a bazara, ni dai ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: ɗakin kilim ya fi maka. A cikin sanyi zuciyarka aiki ɗaya za ta yi, za ka iya minti 30 ko 40 ba tare da ka galabaita ba. In ba sal, to bayan sallar asuba kai tsaye, lokacin zafin yana wajen 27 ko 28, kafin rana ta ɗaga ka koma gida.

Inna, maganarki akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba sanyin ba ne mai laifi. Mura ƙwayar cuta ke kawo ta. Abin da ke faruwa a sal shi ne an rufe ƙofa, an rufe tagogi don kada sanyi ya fita, kilim ɗin irin na bango kuwa iskar ɗakin yake juyawa, ba ya kawo sabuwa. Mutum ashirin suna haki a ɗaki ɗaya, in ɗaya yana da mura kowa ya shaƙa. Shi ya sa lokacin korona a 2020 wuraren nan suna cikin waɗanda aka fara rufewa a ƙasashe da dama. Sannan akwai rariyar da ke cikin kilim, wadda ke tare ƙura. A garin nan in aka yi wata biyu ba a wanke ta ba, abin da ke ciki ba ya ganuwa, kuma shi ake huro muku. Busasshiyar iska mai sanyi tana tayar wa mai asma da ciwonsa, wannan tabbas ne. Don haka Yaya, kafin ka biya ko dala, shiga ka duba da hancinka. In ka ji warin rima ko na tsohuwar zufa, fita. Tambaye su yaushe suke wanke kilim, kuma suna buɗe tagogi iska ta ratsa kafin mutane su zo? Ka je lokacin da ba cunkoso. Ka tafi da tawul ɗinka, ka goge hannun na'ura kafin ka kama, don makero yana bin kayan da kowa ke taɓawa da jiƙaƙƙen jiki. In kuran ya ɗauke kuma ba su tada janareto ba, kada ka ce sai ka ƙarasa. Rufaffen ɗaki ba kilim ya fi waje muni.

Amma fa kada ku ɗauka na sallama waje. Ni kaina a waje nake tafiyata. Bayan damina, daga Nuwamba in zafi ya karye, fita da safe ka bi bakin gulbi ta Korniche, ko ka hau gadar Kennedy ka gangara Harobanda ka dawo, wallahi babu na'urar da za ta ba ka wannan. A Janairu da asuba har 16 ko 17 sanyi ke sauka, kilim na Allah kyauta. Ƙasa ba shimfiɗaɗɗa ba ce kamar na'ura, akwai yashi, akwai hawa da gangara, idon sawu da gwiwa suna koyon riƙe jiki, abin da ke hana tsoho faɗuwa ke nan. Ku dubi ƴan kokowa, a cikin rairayi suke gina ƙafafunsu. Hasken safiya yana gyara barcin dare, rana bisa fata tana sa jiki ya yi bitamin D na ƙashi, kuma mu masu baƙar fata da ke wuni a ofis muna buƙatarta fiye da yadda muke zato. Ga gaisawa da mutane, ga sakin rai. Wanda ke fita da abokin tafiya bai cika fashi ba, na lura da wannan a kan majinyatana sosai.

Matsalar lokacin ɗari ɗaya ce: hazo. Ƙurar nan da ke rufe gari har ba ka ganin ƙetaren gulbi, da yawanta daga can arewacin Chadi take tasowa, wani kwari da ake kira Bodele, iskar hunturu ta kwaso ta har nan. Mai kauri hanci yana tare ta. Mai laushin ce matsala, ita ke wucewa har ƙarshen huhu, tana tayar da asma, tana takura zuciya. Mutum a zaune iskar da yake shaƙa a minti ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba, in yana gudu tana iya ninkawa sau goma, kuma ta baki yake shaƙa, hanci bai tace ba. To ranar da ka fito ka ga rana ta yi fari fat kamar faranti, kana iya kallonta da ido, ranar ba ta gudu ba ce. Ka yi naka a ɗaki. Haka bakin gudron da yamma, hayaƙin moto da faba-faba da na shara da ake ƙonawa, ka nisance shi ko da ƴan layuka ne. A damina kuma, Agusta musamman, iska jiƙe take, zufa ba ta bushewa, ko da zafin bai kai na bazara ba mutum yana saurin galabaita, ga sauro a bakin gulbi da magariba.

Yaya, kai dai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wa manya shi ne aƙalla minti 150 a sati. Raba shi: minti 30, kwana 5. Tafiya mai sauri ta isa, ba sai ka yi gudu ba. Ma'auninka shi ne ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Fara da minti 10 ko 15, jiki yana ɗaukar sati 1 zuwa 2 kafin ya saba da aiki cikin zafi. In sun ba ka ƙarfe ka ɗaga, ɗauki marar nauyi, kuma kada ka riƙe numfashi, riƙewar tana harba tansiyo sama nan take. Ranar da ka auna tansiyo ka ga 18 bisa 11, wato 180 bisa 110, kada ka motsa jiki, wurin likita za ka. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko zafi yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, tsaya a nan inda kake ka kira ni ko ka sa a kai ka asibiti. Dubi fitsarinka kullum, in ya yi kalar shayin farko ruwa bai ishe ka ba. Kuma kada ka sha maganin ciwon jiki irin diklofenak kafin ka fita, shi da ƙarancin ruwa ƙoda suke ci.

Af, na kusa mantawa. Duk wanda ya ga mutum ya faɗi a zafi yana sambatu, a ja shi inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Parasetamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Yaya, yanzu tunda bazara muke ciki, biya na wata biyu kawai, kada ka yarda da na shekara. In ruwa ya sauka mu sake shawara. Ranar Juma'a bayan la'asar ina nan zuwa da abin awon tansiyo, ka fito mini da kwalayen magungunanka duka in gani. A gaida Anti da yara. Inna, a yi mana addu'a.